Kwalayen Jirage a Bangon Gabas

Shekarun farko da aka ba mu jiha, lokacin da ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Kano suka taho Dutse, mu a unguwar Yalwawa muka sami gida. Ɗaki biyu ne da falo, da ɗan tsakar gida wanda in na yi shanya babu wurin wucewa. Motar da ta kawo kayanmu, rabinta gado ne da kujeru da tukwane, rabinta kuwa kwalayen maigidana. Shi da kansa ya zauna a baya tare da su tun daga Kano, ya ƙi shiga gaba, wai kada wani ya ɗora musu turmi.

Kwalayen jiragen wasa ne, amma ba irin na yara da ake ja da zare ba. A jikin kowane kwali an zana jirgin sama, wasu na yaƙi, wasu na fasinja, da 'yan jiragen ruwa. A ciki kuwa ba jirgi za ka tarar ba, sai gutsattsarinsa na roba, fiffike daban, taya daban, duk a maƙale a jere kamar ƙayar kifi. Mai shi ne zai ciccire su, ya haɗa da gam, ya shafa fenti, sannan jirgi ya fito. Maigidana bai taɓa haɗa ko ɗaya ba. Tun yana saurayi yake tara su, wasu daga wurin 'yan gwanjo, wasu abokan aikinsa da suka je kwas ƙasar waje suka riƙo masa. Yawancinsu har lokacin suna cikin ledar da aka naɗo su da ita daga kamfani, kuma a wurinsa wannan ledar ita ce darajar abin. In na ce masa, "To yaushe za mu ga jirgin?" sai ya ce, "In na yi ritaya, Malama." Haka yake kirana in yana son tsokana, don na ɗan koyar a Islamiyya kafin aurenmu.

Ɗaki na biyu ya zama nasu. Ya jera bulo, ya ɗora katako a kai saboda gara, sannan ya jera kwalayen har kusa da silin, a jikin bangon da babu ƙofa babu taga. Ya tura ƙwayoyin kafur a tsakaninsu. Da damina yakan shafa bangon da tafin hannu ya ji ko ya yi sanyi. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Mutum ne wanda ba ya zaman majalisa, ba ya shan taba, daga ofis sai gida sai masallaci. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini a rai. Akwai wani kwali da ya sayo shi a buɗe, wata rana yana nuna mini abin da ke ciki na hango wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa a tsakanin fuka-fukan. Na kai ido kusa. Mutum ne a zaune, da hularsa, da hancinsa, da hannuwansa a kan gwiwa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Matuƙin ne."

Na tuna masa abin da aka karantar da mu game da gidan da ake ajiye mutum-mutumi da mala'ikun rahama. Ya yi dariya ya ce abin da ke cikin leda, cikin kwali, ƙarƙashin wani kwalin, wa ya gan shi. Ban ja maganar ba. Sai dai daga ranar ban ƙara yin salla a ɗakin ba.

Mahaifinsa malamin makarantar allo ne a Buji, mutum dogo siriri mai ƙarancin magana. Ni Baba nake ce masa. Shi kuwa bai taɓa kiran maigidana da sunansa ba, sai Akawu, tun ranar da yaron ya zaɓi makarantar boko ya bar ta gida. An daɗe tsakaninsu babu wani sakin fuska, sai gaisuwa da durƙuso. A kan batun hoto da mutum-mutumi kuwa kowa ya san Baba. An taɓa kai masa kalanda mai hoton mutane, ya sa aka yanke kwanakin aka ba shi, sauran aka hura wuta da shi. Akwai gidan wani ɗan'uwansu da ya daina shiga saboda wani dokin tangaran da matar gidan ta ajiye a kan kabad, kuma har mutumin ya rasu bai koma ba.

Sai yanar ido ta rufe wa Baba idanu duka biyu. Karatu yana kansa, amma ya daina iya rubutu, ya daina gane wanda ke gaishe shi sai ta murya. Likita ya ce za a yi aiki, ido ɗaya a fara, in ya warke bayan 'yan makonni a yi ɗayan, kuma dole ya zauna kusa saboda magani da dubawa. An sha fama da shi kafin ya yarda ya baro Buji. Kowa a dangi ya san in ya koma gida kafin a gama, babu mai sake fito da shi.

Ana gobe zai zo, bayan la'asar, na sami maigidana a ƙofar ɗakin yana kallon kwalayen. Na ce mu mayar da su ɗakinmu. Ya ce ina wurin, ga gado ga katifar yara. Na ce kicin. Ya ce hayaƙi. Na ce gidan maƙwabta, ya dube ni kamar na ce a ba su aron 'ya'yanmu. Ƙarshe ya ɗauko babban zanin gado ya lulluɓe su, ya cusa gefunan.

Ya ce, "Baba ai ba ya gani."

Na ce, "Ai ganin aka kawo shi ya samu."

"Kafin nan na san yadda zan yi."

"In ya tambaya fa?"

"Kayan aiki ne."

Na ce, "Ni dai ka sani, in ni ya tambaya, ba zan iya yi masa ƙarya ba."

Ya ce, "Wane suruki ne yake zama hira da matar ɗansa? Ba zai tambaye ki ba, Malama."

Washegari aka kawo Baba da jakarsa da sandarsa da buzunsa. Da aka shigar da shi ɗakin, abin da ya fara tambaya shi ne ina gabas. Ina bakin ƙofa riƙe da buta. Sai a lokacin na lura da abin da ni da maigidana duk ba mu yi tunani ba: bangon da babu ƙofa babu taga shi ne na gabas. Na ga maigidana ya ɗan tsaya. Sannan ya kama kafaɗar mahaifinsa ya juya shi, ya fuskantar da shi ga zanin gadon. Baba ya shimfiɗa buzu, goshinsa in ya yi sujada bai fi kamu ɗaya da bulon ba. Ya shaƙi iska ya ce, "Wannan ɗaki sai ka ce akwatin amarya. Me aka tara a nan?" Maigidana ya ce kayan aiki ne. Baba ya ce Allah ya yi wa aikin albarka.

Aka yi aikin ido na farko lafiya. Da yake maigidana yana ofis da rana, ni nake ɗiga wa Baba magani. Kunyar surukuta dole ta ja gefe. Nakan durƙusa in ce, "Baba, lokacin magani ya yi," ya ɗaga kai sama, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Iyakar maganarmu ke nan. Amma duk lokacin da na jiyo kabbararsa daga ɗakin, sai in ajiye abin da nake yi. Ina tsaye a kicin, ina ganin waɗannan 'yan mutanen a raina, zaune a jere cikin duhun kwali, ga tsoho ya sa goshi a ƙasa a gabansu bai sani ba. Miya ta sha ƙonewa a wannan makon. Na sake yi wa maigidana magana, na ce sallarsa fa. Ya ce shi ma abin yana damunsa, amma in ya fara kwashe kaya yanzu Baba zai tambayi dalili. Ya ce in ƙara haƙuri, ranar da za a kai shi aiki na biyu zai kwashe su kafin su dawo.

Ba mu kai ranar ba. An cire bandeji, idon ya fara washewa. Baba ya soma gane launin kofi, ya gane zanen tabarma, har ya ce ashe 'yar autarmu fara ce. Wata safiya, da hantsi, yara suna makaranta, na yi sallama na shiga da kunu da magani. Na tarar zanin gadon ya zame ta gefe guda, ga alama sandarsa ce ta ja shi. Baba yana zaune da kwali ɗaya a hannu, ya kai shi dab da idon da aka gyara. Ya girgiza shi a hankali, abin da ke ciki ya yi ƙara.

Na durƙusa na ajiye kofin.

Ya ce, "'Yata, a ofishin su Akawu jirgi ake ƙerawa?"

Na ce a'a. Na yi masa bayani yadda zan iya, kaina a ƙasa, na ce na wasa ne, gutsattsari ne ake haɗawa, sha'awa ce kawai yake yi tun ƙuruciya.

"Ya haɗa nawa?"

"Bai haɗa ko ɗaya ba, Baba."

Sai na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce shi yana yaro, zamanin Turawa, ranar da jirgi ya fara wucewa ta kan garinsu, wata gwaggonsa cikin rumbu ta faɗa, sai da aka yi da gaske ta fito. Ya ce ga shi yau jikanta ya tara su a ɗaki kamar damman gero. Na ji numfashina ya dawo. Na kai hannu zan buɗe kwalbar magani.

Ya sake kai kwalin kusa da ido. Ya ɗora yatsa a kan zanen, daidai wurin gilashin gaban jirgin.

"Wannan da ke cikin gilashin, mai hula. Shi ma yana cikin kwalin?"

Na tsura wa kwalbar maganin ido. A waje mai sayar da ruwa yana ta buga jarka.

"Da ke nake, 'yata."

Na ce, "Yana ciki, Baba."

"Zane ne, ko mai jiki?"

"Mai jiki ne. Ɗan ƙarami."

"A duka kwalayen?"

"Ban sani ba. Ɗaya na taɓa gani."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kwalin a ƙasa, ya dubi bangon tun daga bulo har silin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya naɗe buzunsa, ya dafa sanda ya miƙe, ya fita tsakar gida ya zauna a gindin katanga. Ya ce in haɗa masa kayansa a jaka, in Akawu ya dawo ya kai shi tasha.

Na bi shi na durƙusa. Na ce, "Baba, likita ya hana ka zama a rana. Kuma saura ido ɗaya."

Ya ce, "Wanda aka gyara ya ishe ni. Na ga abin da zan gani."

Na ce ya koma falo. Ya ce rufin ɗaya ne. Na haɗa jakar ina hawaye, na fito da ita na ajiye kusa da shi, don ba zan iya ƙin umarninsa ba. Na ɗaura zani tsakanin igiyar shanya da katanga ya yi masa inuwa. Maganin ma ya ce in bari. A nan ya yi azahar, a kan siminti mai zafi. Na kawo abinci bai taɓa ba, ruwa kawai ya sha. Lokacin babu waya a hannun kowa, babu yadda zan sanar da maigidana. Da yara suka dawo na tura su gidan maƙwabta. Na zauna a ƙofar kicin ina jan carbi, ina sauraron ƙarar kowane babur da ya shigo layin.

Da ya shigo, jakar ya fara gani. Sannan ya dube ni. Ban kawar da kai ba. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban mahaifinsa.

Baba ya ce, "Sannu da dawowa, mai kayan aiki."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ƙaryar ba ita ta fi ci mini rai ba, Akawu. Da hannunka ka kama ni ka nuna mini gabas."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Can ya ce yanzu-yanzu zai kwashe su ya kai gidan wani abokinsa.

"Ka kai wa bawan Allah abin da ni na guje masa? Shi ba ya salla?"

"To in mayar da su kicin, ko in yi musu rumfa a waje."

Baba ya ce, "Ni ba da jirgi nake faɗa ba. Jirgi ba shi da rai. Ka tara su har su fasa rufi, kuɗinka ne, wautarka ce. Mutanen ciki nake magana. A buɗe a duba. Wanda aka tarar cikakken mutum ne, a raba kansa da jikinsa. In an yi haka in koma ɗaki."

Na san abin da wannan yake nufi ga maigidana, Baba kuwa bai sani ba.

Ya ce, "Baba, ledar da ke jikinsu, in an yage ta ba ta komawa."

"To. Ɗauki jakar mu tafi, kada motar Buji ta ƙare."

Baba ya fara laluben sandarsa. Ni ina addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba, don duk wanda ya yi nasara a cikinsu, ɗayan nawa ne. Maigidana ya miƙe. Ya tsaya tsakanin jakar da ƙofar ɗakin, ya daɗe a tsaye, har Baba ya kai ga durƙusa zai tashi. Sannan ya shiga ɗakin. Ya fito da kwalaye a rungume, ya ajiye a kan tabarma. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Miƙo mini reza."

Har yau in na ji ana yaga sabuwar leda sai na tuna da yammacin nan. Yakan bi gefen kwalin da rezar a hankali, ya zare ledar, ya ninke ta ya ajiye gefe kamar za ta sake amfani. Ya ɗaga murfi, ya nemo ɗan mutumin, ya cire shi ya miƙa wa Baba. Baba ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai kusa da ido. In cikakke ne ya mayar masa, maigidana ya ɗora a kan guntun katako ya danna rezar a wuya. Wasu an yi su gunduwa-gunduwa, gangar jiki daban, hannuwa daban, ƙafafu daban. Irin waɗannan Baba ya ce, "Wannan bai zama mutum ba tukuna, bar shi. Amma kada ka haɗa shi." Jiragen ruwa yawanci babu kowa a ciki. Ni ce mai ɗauko kwalaye daga ɗaki da mayar da waɗanda aka gama falo. Na lura 'yan kawunan da yake yankewa ba ya zubar da su, aljihun rigarsa yake sakawa. Baba ma ya gani, ya ƙyale shi.

Aka kira la'asar suka tashi suka yi, suka dawo suka ci gaba. Inuwa ta cika tsakar gida. Akwai wani babban kwali da maigidana ya yi ta tsallakewa, in na kawo shi sai ya tura gefe ya ɗauki wani. Jirgin fasinja ne fari dogo, shi ne na farko da ya saya da albashinsa na farko, ledarsa har ta yi ruwan ƙasa-ƙasa don daɗewa. Daga ƙarshe ya rage shi kaɗai.

Ya ce, "Baba, wannan na fasinja ne. Ina jin babu kowa a ciki."

"Kana ji, ko ka sani?"

Ya ɗauki rezar. Wannan karon hannunsa ya goce, har ya ɗan tsaga kwalin. Ya ɗaga murfi, ya fito da gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa su a tabarma, ya duba ko'ina. Babu kowa. Ko kujera babu. Baba ya karɓa ya shafa su da kansa, ya leƙa cikin kwalin, ya kife shi ya girgiza.

Ya mayar masa da shi a hankali, da hannu biyu. Ya ce, "Wannan kam an ɓata maka shi a banza."

Maigidana ya ce, "Ba komai, Baba." Ya shiga mayar da gutsattsarin, yana ta juya su don sun ƙi kwanciya yadda suke a da.

Baba ya juyo wajena ya ce, "'Yata, maganin nan na safe har yanzu ba a ɗiga ba." Na tashi da sauri na ɗauko. Ya ɗaga kai sama, idon ya yi ja saboda rana, na ɗiga masa, ya runtse. Maigidana ya rufe kwalin, ya miƙe ya ɗauki jakar mahaifinsa ya shigar da ita ɗaki. Da ya fito ya tsaya kusa da ni a ƙofar kicin, yana kallon ƙasa. Na yi zaton zai yi mini maganar abin da na faɗa. Sai ya ce, "Ranar Talata suka ce a kai shi ɗaya idon, ko Laraba?"

Na ce Talata ce, da sassafe, kuma kada ya ci komai kafin a je.